Tarihin Intanet da Cinikin Waya a Masarautar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ake wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta gero da riɗi da zoɓo da kiwo, ta yi iyaka da yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, kuma a cikinta ne kasuwar Maigatari take ci kowace Alhamis, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma. Shigowar intanet wannan ƙasa ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Duk da ƙanƙantar lokacin, tarihin yana da fasali bayyananne. Gwamnati ce ta fara kawo zancen, amma kasuwa ce ta ba shi wurin zama, kuma da ya zauna bai ture dillali da mai masauki da direban tasha ba, sai ya zama kayan aiki a hannunsu.

Kafin zuwan waya

Kafin 2001, labarin farashi da ƙafa yake tafiya. Falken da ya taso daga Legas ko Ibadan ko Fatakwal ba ya sanin yadda kasuwa za ta kaya sai ya sauka a Maigatari ya ga yawan shanu da raƙuman da aka koro daga Nijar. Manomin riɗi a ƙauyukan Gagarawa ba ya jin abin da buhu ya kai a Dawanau ta Kano sai direba ko ɗan awo ya dawo ya faɗa masa, shi ma in ya ga dama ya faɗi gaskiya. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 ya ratsa ta Gagarawa, ya sauƙaƙa ɗaukar gyaɗa da fatu, amma saƙo ya ci gaba da dogara da wasiƙa da bakin matafiyi. Wayar tarho ta NITEL ba ta kai layi rabin miliyan ba a duk Nijeriya, mafi yawanta kuma a manyan birane. Kuɗi ma a jiki ake ɗauko su, a buhu ko a ɗamara ƙarƙashin riga, tare da fargabar 'yan fashi a hanya. Abin da ya riƙe ciniki a wancan hali shi ne amana: mai masauki ya sauke baƙo ya tsaya masa, dillali ya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, a sallama a ba shi la'adarsa. Wannan tsari ne fasahar zamani ta zo ta tarar.

Yunƙurin gwamnati

An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya ɗauki fasahar sadarwa a matsayin hanyar da jihar za ta bi ta tsallake talauci. A 2001 aka buɗe cibiyar koyar da kwamfuta ta Informatics a Kazaure, aka kafa kamfanin Galaxy domin samar da intanet a jihar. A zamanin mulkinsa ne kuma aka ware yankin ciniki maras haraji a Maigatari. Da gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006, Jigawa na cikin masu hannun jari a farkonsa. Masu yabon wannan zamani suna cewa Jigawa ta riga jihohi da yawa farkawa, kuma suna da gaskiya, domin cibiyar Kazaure ta yaye matasa masu yawa da suka yi aiki a bankuna da ma'aikatu da makarantu. Sai dai intanet ɗin wancan lokaci na mai kwamfuta ne da wutar lantarki da Turanci, abubuwa uku da suka yi ƙaranci a Sule Tankarkar da ƙauyukan Maigatari. Ya tsaya a ofisoshi da 'yan shagunan kafe, bai shiga kara ba, bai je gona ba.

Wayar salula da saƙon murya

Abin da ya isa ga talaka ta wata ƙofa ya shigo. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Da farko layi ɗaya ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Shigowar Glo a 2003, da lissafinta na daƙiƙa maimakon minti, ta karya farashi, sannan turakun sadarwa suka rinƙa bin manyan hanyoyi da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Wayoyin ƙasar Sin masu araha irin su Tecno da itel, masu cin layi biyu da batir mai jimiri, sun dace da bakin iyaka, inda mutum ɗaya kan riƙe layin Nijeriya da na Nijar a waya guda. Da kiran waya kaɗai, falke ya fara tambayar yawan dabbobin da suka shigo tun kafin ya hau mota, manomi kuma ya fara jin farashin Dawanau kafin ya amsa tayin ɗan awo.

Data ta yi sauƙi bayan manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 sun fara aiki a 2010. Ɗalibai, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gumel, su ne suka fara shiga 2go da Facebook, kuma komawar jarrabawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da rajistar shirin N-Power ta intanet a 2016, sun sa shagunan kafe suka cika da matasa. Amma sauyi mafi girma ga 'yan kasuwa ya zo ne da saƙon murya, wanda WhatsApp ya ƙara a 2013. Shi ya kawar da shingen boko. Bafulatani ko Bamange ko Buzu da bai taɓa zama a aji ba yana iya danna waya ya yi magana da harshensa, a ji shi a Legas cikin daƙiƙa.

Ga yadda cinikin yake a yau, musamman gab da Babbar Sallah. Dillali ya kama sa ko rago ya ɗauki bidiyonsa: ya buɗe bakinsa a ga haƙora a san shekarunsa, ya shafa tozo da gadon baya, ya sa yaro ya ja shi 'yan taku a tabbatar ba ya ɗingishi. Ya tura wa mai saye a kudu. Mai saye ya taya da murya, mai dabba ya ce albarka, a ja a ja har a sallama. Kuɗi su shigo asusun dillali, ya cire la'adarsa da kuɗin lodi, ya tura hoton lambar tirela da lambar wayar direba. Duk matakan tsohon ciniki suna nan daram, tafiyar mai saye kaɗai aka rage. Haka abin yake a cikin gida. Matar aure da a da take ɗora wa 'yarta talla yanzu tana saka hoton atamfa ko turaren wuta ko kayan kicin a sitatus ɗinta, ta yi odar kaya daga Kantin Kwari, a ba direba a tasha a Kano ya sauke mata a Gumel.

Kuɗi a waya

Magana ta riga kuɗi hawa waya da shekaru. Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya fitar da ƙa'idar wakilan banki a 2013, aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Rassan banki kaɗan ne a masarautar, don haka wakilin ne ya zama banki. Bayan bayyanar OPay a 2018, da PalmPay da Moniepoint a 2019, mai POS ya zama ɗan gari a kowace kasuwa: laima, teburi, benci, jakar kuɗi a wuya, da 'yar na'urar da yake ɗagawa sama yana neman sabis in layi ya yi nauyi. Kusa da shi akwai mai cajin waya da janareta ko sola, yana liƙa wa kowace waya lamba don kada a rikita.

Jarrabawar wannan tsari ta zo da sauyin fasalin naira. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin aka janye, kasuwannin karkara suka tsaya cik a watan Fabrairun 2023. A kasuwannin Arewa kaya ɗaya ya koma farashi biyu, na mai tsaba da na mai taransifa, kuma cajin masu POS ya ninka sau da dama. Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin takardun ranar 3 ga Maris, 2023, amma kafin nan wahala ta tilasta wa mutane da yawa buɗe asusu, kuma ba duka suka koma gidan jiya ba. A Maigatari matsalar ta fi tsanani ta wata fuska: makiyayin Nijar ba shi da BVN, sefa yake so ko naira a hannu. Dole kuɗin da aka turo su bi ta hannun dillali ko mai POS ko ɗan canji kafin su isa aljihunsa.

Siyasar iyaka ma ta taka rawa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe ranar 16 ga Disamba, 2020, tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A duk lokutan biyu shinge ya tare mota, bai tare saƙon murya ba, kuma da shi abokan ciniki na ɓangarorin biyu suka ci gaba da bin bashi da sanin farashi.

Abubuwan da ake ja a kansu

Akwai masu cewa wannan bai cancanci a kira shi kasuwancin intanet ba, tunda babu shafi mai jerin kaya da farashi irin na Jumia da Konga, waɗanda suka fara a 2012. Amsar ita ce irin wancan tsari yana buƙatar adireshin gida mai lamba, da kaya masu kama ɗaya, da mai saye mai karatu. Sa ba shi da tsayayyen farashi, kuma babu guda biyu da suke daidai. Idan an ga kaya ta intanet, an yi tayi ta intanet, an biya ta intanet, to ciniki ne na intanet, ko da babu kamfani a tsakiya.

Wasu kuma suna ganin lokaci kaɗai ake jira fasaha ta haɗa makiyayi da mahauci kai tsaye, dillali ya rasa abin yi. Abin da ya faru zuwa yanzu akasin haka ne. Bidiyo ba ya nuna ko dabba ta sata ce, ba ya nuna ciwon ciki, kuma alat ɗin bogi ya zama ruwan dare. Mutanen da suka ga rushewar tsare-tsaren zuba kuɗi na MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun san tura kuɗi ga wanda ba a sani ba kasada ce. Iya nisan mai saye, iya buƙatarsa ga wanda zai tsaya masa, wanda yake da gida da suna a gari, wanda za a iya kai ƙararsa wurin shugabannin kasuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda yake da amana tun da can shi ya fi cin ribar waya. Abin da dillali ya rasa shi ne ikon ɓoye farashi, domin mai dabba ma yana da waya.

Suka ta uku ta fi nauyi, kuma tana da tushe: ribar ba ta game kowa ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya sa Jigawa cikin jihohi biyar da abin ya fi tsanani. Babbar waya da data da caji duk kuɗi ne, kuma a watan Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashinsu. Ƙa'idar haɗa layi da lambar NIN, wadda aka fara a Disamba 2020, ta rufe layukan mutanen ƙauye da yawa da ba su samu yin rajista ba. Tsoho da matar karkara da ba su iya karanta alat ba dole su miƙa kati da lambar sirri ga wani, wanda hakan kan buɗe ƙofar cuta. Wannan sukar ba ta rushe hujjar cewa kasuwa ce ta zaunar da intanet a ƙasar Gumel ba, iyakarta take nunawa. Kasuwa na iya yaɗa waya da POS da kanta, amma ba za ta kafa turaku a ƙauyen da kamfani ba ya hango riba ba, ba za ta gyara wutar lantarki ba, ba za ta hukunta ɗan damfarar da ke wata jiha ba. Waɗannan ayyukan hukuma ne, kuma su ne za su yanke ko manomin riɗi na Gagarawa zai riƙe asusunsa da kansa, ko zai ci gaba da biyan wani ya karanta masa kuɗinsa.