Madugu da Shugabancin Ayarin Gwanja

A ƙarni na 19, fataken Kano sukan ɗauki kanwa da tufafi da fatu zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, su sayo goro. Tafiyar takan ci watanni, kuma hanyar ta ratsa Borgu, inda 'yan fashi suka yi yawa. Saboda haka fatauci sai cikin ayari, ayari kuwa sai da madugu.

Abin lura shi ne, yawancin kayan da ke kan jakuna ba na madugu ba ne. Kowane falke da dukiyarsa, kuma idan bai gamsu ba, baɗi sai ya bi wani. Ikon madugu ya dogara ne ga sanin hanya da iya magana da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, domin shi ke daidaita kuɗin fito. Bai kuma riƙe komai shi kaɗai ba. Jagaba ke gaba yana neman zango, ubandawaki ke tara kason kowa na fiton, malamin ayari kuma na rubutu da duba ranar tashi.

Bayan Ingila ta ci Asante a 1874, goro ya ragu a Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya watsa fataken garin, da yawansu suka koma Kete-Krachi.