Gidan Gem a Ƙasar Ɗambatta: Daga Kaset Mai Rawaya Zuwa Kwamfutar Ofis

Ƙasar da ke tsakanin Kano da Ɗambatta ba ta san hutu ba. Gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma kowace damina sai an noma kowane taƙi. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, yana son gane yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa ɗaya ba tare da ta mutu ba. Kakanninmu sun riga shi sanin amsar. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su dawo da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi, a zube a gona. Sana'ar gem ma ta irin wannan hanya ta iso mana, sai dai jakin ya koma kwantena, birnin da ake kwaso wa shara kuma ya koma Landan da Amurka.

Kafin gem, kallo ne ya fara tara yara a gaban akwati. Tun bayan da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a farkon shekarun 1980, talabijin ta fara leƙo garuruwa irin namu, galibi baƙi da fari, da batirin mota a gefe. Kan wannan talabijin ɗin aka ɗora na'urar gem ta farko. Nintendo ta fitar da Famicom a Japan a 1983, amma abin da ya iso kasuwar Sabon Gari bayan shekara goma kwaikwayonta ne daga Taiwan da Sin, da kaset mai rawaya wanda aka rubuta wa dubban wasanni a jiki, in ka shiga ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaita su. Akwai Mario, akwai Contra, akwai bindigar roba ta harbin agwagwa. Daga baya na'urar Sega ta zo da Mortal Kombat, wanda ya sa iyaye suka fara zuwa da bulala suna neman 'ya'yansu lokacin makarantar allo.

PlayStation ce ta mayar da abin sana'a. Sony ta fitar da ita a Disamban 1994, mu kuwa sai wajen 2000 muka fara ganinta a rumfunan gefen tasha, ta hannu, an dasa mata cif don ta karanta faifan kwafi. Wasa ɗaya ne ya riƙe kasuwar, wato Winning Eleven na kamfanin Konami. Rubutun duk na Japananci ne, ba wanda ya iya karanta ko harafi, amma kowane yaro ya haddace layi na nawa zai danna ya canza ɗan wasa. Kowa na son Najeriya saboda Tijani Babangida, wanda a cikin wasan nan gudunsa ya fi na kowa ban tsoro, kuma duk mai ɗaukar Brazil sai ya cire Roberto Carlos daga baya ya sa shi gaba. In idon na'urar ya gaji ya daina karanta faifai, sai a kifa ta, cikinta sama, ta ci gaba da aiki. Ni kaina a irin wannan rumfa na fara taɓa sukundireba.

A nan ne aka koyi darasin da har yau yake mulkin sana'ar. NEPA ta koma PHCN a 2005, ta koma KEDCO a 2013, amma mai gidan gem a ƙauye bai taɓa dogara da ko ɗaya ba. Jarinsa ƙaramin janareta ne, Tiger, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai wuce wat ɗari shida da 'yan kai ba. A kansa za a ɗora talabijin biyu ko uku, da na'urori, da ƙwan fitila, wani lokacin har da cajin waya. Ana biya ne wasa-wasa, wanda aka ci shi ke biya, kuma da dare mai rumfa zai cire kuɗin mai kafin ya san ko ya samu. Saboda haka in aka kawo masa sabuwar na'ura, tambayarsa ta farko ita ce nawa take ci a wuta. Kyan hoto sai daga baya.

Kwamfuta kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Bayan zuwan wayar salula a 2001, titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano suka cika da masu sayar da kaya da masu gyara, yawancin kayan kuma daga Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba ake taho da su. A lokacin ana haɗa kwamfuta ne a babban akwati, Pentium III ko Pentium 4, don masu shagon buga takardu. Kayan da ke cikin kwantenonin ba duka ne masu rai ba. Rahoton da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas duk wata, kuma har kashi 75 cikin ɗari na iya zama matattu. Wannan ne ya haifar da ƙa'idar da kowane ɗan kasuwa ya sani, cewa kayan da aka gwada da wanda ba a gwada ba farashinsu daban. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, sai kwamfuta ta zama abin buƙata har a Bichi da Makoɗa da Kunci, domin ɗan manomi ma dole ya koyi riƙe linzami.

A ƙasashen waje, ƙaramar kwamfutar gem abin ado ce. Kamfanin VIA ya ƙirƙiro ƙaramin madabod na Mini-ITX a 2001, santimita 17 kowane gefe, kuma har yau wanda yake son irinsa sai ya biya fiye da mai babba, akwatinsa da gidan wutarsa ma haka. A wurinmu abin ya juye. Ƙarama ita ce mai araha, domin bankuna da ofisoshin Turai da Amurka ƙananan suke saye da yawa, Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, su yi aiki da su 'yan shekaru su sallame su a tare. In ka buɗe ɗaya a benci za ka ga lambar kadarar wani ofis manne a gefe, cikinta kuma tas, ba ƙura, don a ɗaki mai sanyi ta yi rayuwarta. Ka ba ta hunturu ɗaya a Ɗambatta, ka sake buɗewa. Jar ƙura ta toshe haƙarƙarin fanka ta yi tauri, zanzaro ya yi gini a kusurwa, wani lokacin ka tarar da busasshiyar tsaka a gidan wuta, ita ce ta haɗa wayoyi ta kashe kanta ta kashe na'urar.

Abin da ya hana waɗannan akwatunan buga gem a da shi ne katin hoto. Gidan wutarsu ƙarami ne, yawanci tsakanin wat 180 zuwa 255, kuma filoginsa na kamfani ne, ba ya karɓar na kasuwa. Sai Nvidia ta fitar da GTX 750 Ti a 2014, sannan GTX 1050 Ti a 2016, da GTX 1650 a 2019, katunan da ba sa wuce wat 75, wato abin da gurbin madabod ke bayarwa shi kaɗai, kuma ana yin su gajeru yadda za su shiga siririn akwati. AMD ma ta kawo RX 6400 a 2022. Da wannan sai kwamfutar da ta yi shekaru tana lissafin albashi ta fara buga PES da FIFA da GTA V. A ganina wannan ya fi zuwan PlayStation 4 muhimmanci ga ƙauye, don akwati ɗaya ne zai buga takardu da rajistar ɗalibai da rana, ya tara yara da dare.

Ɗan yayana ya zo mini bayan kaka da kuɗin riɗinsa da wata takarda da ya kwafo daga bidiyo, katin hoto a layin farko, fitilu masu launi a na biyu.

"Baffa, wannan katin shi ne kowa ke cewa a fara da shi."

Na ce, "Da wace wutar za ka kunna shi?"

Ya ce sola, fanel biyu da batir ɗaya. To daga nan muka fara, kamar yadda masu rumfa suka saba. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, janareta ya daina zama abin wasan yaro, kuma batir ɗaya ba zai riƙe na'urar da ke cin wat 400 har a gama wasa ba. Akwatin ofis da gajeren kati kuwa, duka da allo, da wuya su kai rabin haka. Dala ma ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, don haka maganar sabon kaya ba ta taso ba.

Sauran zaɓin ba shi da wahala. Furosesa Core i5 ya isa. Ram gigabait 16, amma sanda biyu, kada a ɗauki ɗaya. SSD a maimakon tsohon had dis, wanda ɗaukewar wuta ke kashewa. Inda ake asara shi ne kati. Dole a auna, domin a wasu samfuran Dell gurbin yana manne da gidan wuta, sai siririn kati mai layi ɗaya zai shiga. Dole kuma a yi hattara da katunan da suka cika kasuwa bayan Satumban 2022, lokacin da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da masu haƙarsa da katin hoto. Da yawan katunan nan sun yi shekaru suna aiki dare da rana, fankarsu ta gaji. Na ce masa kada ya biya sai an ɗora wasa mai nauyi a gabansa ya yi rabin awa, ya sa hannu a bayan akwatin ya ji zafin, ya saurari fanka. Mai shago zai ce masa, "Haba alhaji, kayan Landan ne," ya bar shi ya faɗa, ya ci gaba da zama.

Akwai kuma wani abu da ya sa na hana shi gaggawa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar furosesan Intel da bai kai ƙarni na takwas ba. Ofisoshi na sallamar duk abin da ke ƙasa da haka, kuma nan za su ƙare, da araha. Mai buga gem ba intanet ba abin da zai rasa in ya ɗauki ƙarni na shida ko na bakwai. Shi kuwa yaron yana son yi wa mutane rajista, zai riƙe lambobinsu da hotunansu, don haka ƙarni na takwas muka ɗauka, ko da ya cinye kuɗin katin. Ya dawo gida da akwati da ram da SSD, yana buga PES 2017 da hoton da ke cikin furosesa, kati kuma ya ce sai ya sayar da wakensa a Dawanau in farashi ya ɗaga.