Farfetuwa: Matar Da Ta Yi Rubutu Tana Jiran Mutuwa

'Yan'uwa marubuta, wannan makon mun leƙa birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, shekara ta 203 Miladiyya, zamanin mulkin Rumawa.

A shekarar aka kama wasu sababbin Kiristoci, cikinsu har da Farfetuwa, 'yar babban gida mai shekara kusan 22, tana shayarwa, da wata baiwa mai tsohon ciki, Felisita. Gwamna Hilariyanus ya nemi su yi hadaya domin lafiyar sarkin Rum. Suka ƙi, sai ya yanke hukuncin a jefa su ga namun daji.

Farfetuwa ta rubuta labarinta daga kurkuku, kuma yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen mata Kirista da suka iso gare mu. Ba ta ɓoye tsoronta ba. Ta ambaci duhun ɗakin, zafi da cunkoso, damuwar jaririnta, da kukan tsohon mahaifinta yana roƙonta ta janye. Da aka bar mata ɗan, sai kurkukun ya zame mata kamar fada.

Wanda ya ƙarasa labarin ya ce sun shiga filin kisa fuskokinsu cike da murna, mazan cikinsu suna yi wa gwamnan nuni cewa shi ma Allah zai yi masa shari'a. Begensu ke nan: hukuncin Hilariyanus ba shi ne na ƙarshe ba.

Mu lura, 'yan'uwa: mun gaskata farin cikinta ne domin ta fara nuna mana duhun da jaririn. In za mu rubuta haƙurin wani, mu fara nuna abin da ake shirin raba shi da shi.