Yadda kaset ɗin bidiyo ya kai mu ga hoton baƙin rami

1/ Jama'a, kun tuna hoton baƙin ramin sararin samaniya da ya karaɗe intanet ranar 10 ga Afrilu 2019? Asalinsa na komawa 1967. Ku biyo ni.

2/ Taurarin nesa suna aiko siginar rediyo, amma dish ɗaya, komai girmansa, dishi-dishi yake gani. Sai an haɗa biyu masu nisa da juna su zama ido ɗaya. To wace waya ce za ta kai?

3/ Masanan Kanada, da kuɗin gwamnatinsu, suka ce a bar batun waya. Kowane dish ya naɗi siginarsa a tef ɗin bidiyo na gidan talabijin, agogon atom na buga lokaci. Ɗaya a Algonquin, ɗaya a Penticton, tazarar sama da kilomita 3,000. Daga baya aka kunna tef ɗin biyu tare, aka daidaita su. Ya yi!

4/ A shekarar dai Amurkawa suka yi nasu. Da tallafin NASA, cibiyar Haystack ta ƙera Mark III, mai ɗaukar sigina mafi faɗi. Wane ɗan kasuwa zai zuba kuɗi a abin da ba ya kawo riba?

5/ A 2017 tashoshin dish takwas suka naɗi bayanai masu yawan da intanet ba ta iya ɗauka, sai jirgi ya kwashi faifan ajiyar. Na Antatika kuwa sai da suka jira watanni, sanyi ya hana jirgi sauka.