Daga Zabirar Wanzami Zuwa Makarantar Jinya: Nema Da Jira A Ƙasar Damargu

Ƙasar Damargu, wadda ta tashi daga arewacin Damagaram ta miƙe har inda noman gero ke ƙarewa makiyaya su karɓi daji, wato inda a yau ake da gundumomin Tanut da Belbeji, tun zamanin da an san ta da hatsi da ayari. Ita ce rumbun Abzin, domin daga gonakinta Abzinawan Kel Ewey ke ɗaukar geron da suke kaiwa duwatsunsu, da wanda suke musanyawa da gishiri da dabino a Bilma. Kuma a cikinta ne, a watan Janairu na 1851, matafiyan nan uku na Turai, Richardson da Barth da Overweg, suka rabu bayan sun ƙetare sahara, kowa ya kama hanyarsa. Amma duk da wannan zirga-zirga, da yake ƙasar ba ta taɓa zama mazaunin babbar hukuma ba, abin da ya shafi takarda da hatimi kullum a wani gari ake yanke shi, mutanenta kuwa sai su aika su jira. Tarihin yadda ɗan Damargu ke shiga aikin jinya yana daga cikin abubuwan da suka fi bayyana wannan hali.

Kafin zuwan Nasara babu mai neman izinin koyon magani a wajen wata hukuma, gama sana'ar gado ce, kuma makarantarta ita ce zauren gida. Ɗan wanzami yakan fara da ɗaukar zabirar ubansa zuwa kasuwa da gidajen suna, ya wasa aska, ya riƙe ƙaho, ya zuba ido yana kallon inda ake tsagawa da inda ake kaucewa, ya yi shekaru a haka ba a ba shi ko kan yaro ya aske ba, har ranar da uban ya ga hannunsa ya daina rawa, ya miƙa masa askar a gaban jama'a. Wannan miƙawa ita ce ijazarsa. Haka maɗori yake gadon ɗori, haka malami yake karɓar laƙani daga shaihinsa, ungozoma kuwa galibi dattijuwa ce da ta gama haihuwa, wadda matan unguwa suka yarda da hannunta da riƙon sirrinta. Ba na cewa duk abin da suke yi daidai ne. Cire beli da aska ɗaya ga jarirai da yawa, da yankan gishiri ga mai naƙuda, sun halaka rayuka masu yawa. Sai dai akwai wata falala da ba za a ƙwace musu ba, ita ce mai maganin ɗan gari ne, yana jin harshen majiyyaci, kuma idan an buga masa ƙofa da tsakar dare yana nan. Malamanmu ba su ɗauki wannan fanni da wasa ba. Imamu Gazali ya lissafa ilmin ɗibbu cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'ummar gari duka suka bari sun yi laifi baki ɗaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan magunguna, kuma ɗalibai sun san labarin Rufaida, wadda ta kafa hema a Madina tana jinyar waɗanda aka yi wa rauni a yaƙin Handaƙ.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita hedikwatar Nijar daga 1911 har 1926, sa'ad da suka ƙaura zuwa Yamai. A 1905 ne suka kafa hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa a yankunansu na Afirka ta Yamma, a 1918 kuma suka buɗe makarantar likitoci da ungozomomi a Dakar. To, amma ina Dakar ina Damargu? Kafin yaro ya kai can sai ya bi ta lakwal ɗin gari, wato makarantar boko, ya wuce ta Damagaram, ya wuce ta Yamai, ya ci jarrabawar shiga makarantar William Ponty a Senegal, alhali kuwa a lokacin iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi idan an zo ɗaukar 'yan lakwal, don tsoron kada a raba su da addini da gona. Saboda haka ƙofar da ta rage wa ɗan ƙasa ita ce ta baya: ya shiga gidan likita a matsayin lebura, ya yi shara, ya dafa allurai, ya wanke gyambo, ya yi tafinta tsakanin lokotoro da marasa lafiya, har in Allah ya sa Baturen ya ga hazaƙarsa ya rubuta sunansa, a aika da takardar sama, a zauna jiran amsar gwamna, wadda takan ɗauki watanni a kan hanya. Waɗansu kuma aka kai su Bobo-Julaso, inda makarantar Jamot ke horar da ma'aikatan yaƙi da annoba, su ne masu yawo ƙauye ƙauye da rijiya rijiya suna yin lambar agana, suna tsare gari idan sanƙarau ya ɓarke da bazara. Mutane sukan gudu daji idan sun ji labarin isowarsu, amma da irin hannuwansu ne aka kawar da agana daga ƙasar.

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma kaso mai yawa na ma'aikatan gwamnati baƙi ne daga Dahome da Togo da sauran ƙasashen maƙwabta. Da rikici ya tashi tsakanin gwamnatin Diori Hamani da ta Dahome a ƙarshen 1963 aka sallami ma'aikatan Dahome, sai giɓin ya fito fili a ofisoshi da gidajen likita. A cikin shekarun nan ne aka kafa makarantar jinya ta ƙasa a Yamai, wadda a yau ke ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin jinyar nan da ya yi suna a finafinan Jean Rouch, ya rasu a 2009. A gefe guda kuma aka ɓullo da wata dabara, wadda ta fara daga yankin Maraɗi ta bazu, cewa kowane ƙauye ya zauna ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu a koya musu taimakon gaggawa cikin 'yan kwanaki, a ba su akwatin magani, a kuma koya wa ungozomomin gargajiya tsabtar yanke cibiya. Wannan dabara ta raunana daga baya saboda ƙarewar magani da rashin lada, amma a ganina ta gane wata gaskiya, cewa wanda jama'a suka zaɓa daga cikinsu ba ya neman canjin wurin aiki.

Babban sauyi ga Damargu ya zo ne a tsakiyar shekarun 1970, da aka buɗe makarantar ENICAS a Damagaram don horar da masu jinya da mataimakan aikin kula da jama'a, wadda daga bisani ta zama Makarantar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta Damagaram. Tafiyar da a da take kusan kilomita dubu zuwa Yamai ta dawo kimanin kilomita 150 daga Tanut. Daga nan ne aka san konkur, wato jarrabawar neman shiga, aka san dosiye, wato tarin takardun nema, aka kuma san wani irin jira da kakanni ba su sani ba.

Wanda bai haɗa dosiye daga ƙauye ba, ba zai san nauyinsa ba. Ana son takardar nema da ɗalibi ya rubuta da hannunsa ya manna mata tambur, da takardar haihuwa, da takardar zama ɗan ƙasa, da shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda ba a karɓarta in ta wuce wata uku, da shaidar likita cewa lafiyarsa lau, da kwafin takardar jarrabawa wanda hukuma ta buga wa hatimi, da hotuna. Yaron da aka haifa a wani tungan noma na Tarka ko a mashekarin makiyaya wajen Tenhiya, wanda ba a rubuta haihuwarsa ko'ina ba, sai ya nemo shaidu ya kai gaban alƙali a ƙiyasta masa shekara, kuma sau da yawa sai a tarar sunan da mushe, wato malamin makaranta, ya rubuta ranar shiga lakwal ya saɓa da na takardar kotu da harafi ɗaya, harafin nan kuwa ya isa ya mayar da dosiye. Kowace takarda tana da ofishinta, kowane ofishi yana da kuɗin motarsa, sai ka ga an sayar da akuya ko damin gero tun ba a zauna jarrabawa ba. Bayan an rubuta konkur a Damagaram, ɗalibi ya sauka a gidan wani ɗan uwa ko abokin mahaifinsa, sai ya koma gida, ya tarar damina ta kankama, ya ɗauki hauya ya shiga gona, kunnensa yana wajen rediyo ko Muryar Sahel za ta yi sanarwa, idonsa yana kan hanya ko direban da ya fito daga birni ya ga jerin sunayen da aka lilliƙa a bangon makaranta. Uwa takan yi sadaka, uba yakan je wajen malam a yi roƙon Allah, maƙwabta kuma ba su fasa tambaya, "Yaya, an ji labari?" Yanzu hoton jerin sunayen yakan iso ta wayar salula cikin sa'a guda, amma a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi, zaman zullumin bai canja ba.

Jiran ya fi tsanani a kan 'ya mace, domin duk watan da ya wuce ba amsa, masu neman aurenta suna ƙara matsa wa uba, dangi suna cewa karatun ya isa haka. Da yawa an ɗaura musu aure kafin sakamako ya fito, alhali su ne ƙasar ta fi bukata, tun da akwai matan da sun gwammace su haihu a ɗaka da su bari namiji baƙo ya duba su.

Daga 2001 gwamnatin Tanja Mamadu ta giggina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, aka zuba musu ma'aikatan da aka horar cikin 'yan watanni. Yunwar 2005, wadda ta yi wa Tanut mugun kamu, ta kawo ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar ma'aikatan jinya don yaƙi da tamowa. A 2006 kuma aka ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Bukata ta ƙaru, makarantun kuɗi suka yawaita a manyan birane, har ya zama mai takardar sakandare ta brebe ko bak, in iyayensa suna da hali, ba ya rasa gurbi. Sai jiran ya koma wani wuri: matashi ya gama shekara uku, ya karɓi takardarsa, ya shiga aikin sa kai a gidan likita ba albashi, yana jiran kwantaragi, mai kwantaragi yana jiran lambar zama cikakken ma'aikaci. A lokaci guda kuma wanda aka turo daga nesa zuwa wani gidan likita na Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, yakan iso ba ya jin Tamajak ko Fulatanci ko Barbarcin Dagara, iyalinsa suna birni, tun ranar da ya sauka yake rubuta takardar neman canji. Ban zarge shi ba, domin zaman wurin da ruwan sha ma sai an yi tafiya ba abu ne mai sauƙi ga wanda bai tashi a ciki ba.

Abin da nake roƙo ga magadan gari da sarakuna da attajiran Damargu, na gida da na Damagaram da Yamai da Agadas, shi ne kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin 'ya'yanta, musamman mata da 'ya'yan makiyaya, tun daga takardar haihuwa har kuɗin makaranta, bisa sharaɗin su dawo su yi wa yankinsu aiki na wasu shekaru, hukuma kuma ta ba su fifiko wajen ɗauka a gidajen likitan da suka fito kusa da su. Iyaye kuma su yi haƙuri da 'yarsu har jerin sunaye ya fito. Farilla ce ta kifaya a kanmu, kuma har yanzu ba mu sauke ta ba.