Lambar da Google ya ɓoye cikin alƙaluman 'e'

A shekarar 2004 wani allon talla ya bayyana a bakin babbar hanya mai lamba 101 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ba tare da sunan kamfanin da ya kafa shi ba.

Abin da ke jikinsa tambaya ce kawai: a nemo lamba marar rabuwa ta farko mai alƙaluma goma da ke jere cikin alƙaluman 'e', sannan a ƙara mata .com.

Lamba marar rabuwa ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da ita kanta, kamar 2 da 7 da 13.

Ita kuwa 'e' lamba ce da ta fara da 2.71828, wadda Jacob Bernoulli ya ci karo da ita a 1683 yana nazarin yadda kuɗin ruwa ke ninkuwa. A 1737 Leonhard Euler ya tabbatar cewa alƙalumanta ba su da iyaka, kuma ba sa komawa suna maimaita kansu.

Yadda ake nemowa

Ana ɗaukar alƙaluma goma na farko bayan ɗigo a gwada su. Idan sun rabu, sai a gusa gaba da alƙalami ɗaya a sake gwadawa.

Kusan ɗaya cikin kowace 22 na lambobi masu alƙaluma goma ba ta rabuwa, don haka ana sa ran a dace da wuri. Amma a nan sai da aka kai alƙalami na 99 kafin a samu amsar: 7427466391.

Da hannu aikin zai ci kwanaki, alhali kwamfuta kan gama shi cikin ƙiftawar ido, wato dai tambayar ta fi auna iya sarrafa kwamfuta fiye da zurfin ilimin lissafi.

Waɗanda suka shiga adireshin na intanet sun tarar da tambaya ta biyu: lambobi huɗu daga cikin 'e', ana neman ta biyar. Sirrin shi ne jimillar alƙaluman kowacce 49 ce, amsar kuma 5966290435.

Sai bayan nan ne Google ya bayyana kansa, yana gayyatar mutum ya aika takardar neman aiki.

A wannan shekarar ce kuma kamfanin ya ce zai sayar da hannun jari na dala 2,718,281,828, wato alƙaluman farko na 'e'.