Tabar wiwi: daga ina ta zo mana?

Jama'a, yau a fada sai ka ji matashi yana cewa wiwi ai ganye ne, har Turawa sun maida ta magani. To, mu ɗan koma baya.

Asalin tsiron daga tsakiyar Asiya yake. Mutanen Sin sun daɗe suna igiya da tufafi da ɓawonsa, a Indiya kuma shan sa ake yi. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya sa wa dogon iri suna sativa, a 1785 Lamarck ya kira irin Indiya indica.

Mu nan ba gadon kakanni ba ce. Ta yaɗu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ana danganta hakan da sojojin Najeriya da Gana da suka dawo daga Bama. Yau ana noman ta a dazukan kudancin Najeriya, ta hauro mana ta iyaka. A Maris 2021 an kama tan 17 na ƙaronta a Yamai.

Batun magani fa? Sinadarin da ke sa maye, THC, an ware shi a 1964. Wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don farfaɗiyar yara kuwa CBD ne, tacacce, da awon likita, kuma ba ya bugarwa. Masu noman ɓoye irin da ya fi bugarwa suke zaɓa, don shi ke kawo kuɗi.

Ƙunshin da ake saida wa ƙannenmu a tasha ba shi ne maganin ba. Mu gaya musu. Allah ya shirya mana zuri'a.